Ɗan direban bas da ya ci kujerar Landan sau uku: muhawara a zauren 'yan Katsina

Ɗan Kofar Soro: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ina so mu ɗan tattauna kan Sadiq Khan magajin garin Landan, don na lura duk sanda aka ambace shi a nan iyakar abin da ake cewa "Musulmi ne, Allahu Akbar" sai a wuce, alhali tarihin mutumin ya fi haka nisa. A 1970 aka haife shi a unguwar Tooting da ke kudancin Landan, iyayenshi daga Pakistan suka je, uban direban bas ne ya fi shekara 25 yana tuƙi, uwar kuma tela. Su takwas ne a gidan shi ne na biyar, a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi suka tashi. Ya karanta lauya, ya yi shekaru yana tsaya ma mutanen da 'yan sanda suka zalunta ko aka nuna masu wariya wurin aiki. Amma ni abin da ya fi tsaya mani a rai, da kansila ya fara. A 1994 yana ɗan shekara 23 ya ci kansila a Wandsworth, ya yi shekara 12 a kai, 2005 ya tafi majalisar ƙasa yana wakiltar unguwar da aka haife shi, ya yi ƙaramin ministan sufuri, 2016 ya ci magajin gari, ya sake 2021, ya sake 2024. Ba wanda ya taɓa cin kujerar nan sau uku sai shi. To mu nan ɗan direban mota a tasha, ko da ya fi kowa ƙwaƙwalwa, ta wace ƙofa zai shiga?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Masha Allah, ni wallahi ban san ɗan talaka ba ne, na ɗauka irin 'ya'yan attajiran Larabawan nan ne.

Malam na Gobarau: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan Kofar Soro ka kawo tarihi amma ka tsallake wuri ɗaya, kuma wurin ba ƙarami ba ne. Mutumin nan a 2013 yana ɗan majalisa ya jefa ƙuri'ar amincewa da dokar auren jinsi. Wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce, a rubuce yake, shi ma bai taɓa musantawa ba. To ni ina jin nauyin in ɗauko shi in nuna ma ɗiyana in ce ga abin koyi. A yaba mashi a kan aiki ban hana ba, amma kar a lulluɓe mashi rigar addini a ce nasarar Musulunci ce.

Ɗan Kofar Soro: Allah gafarta Malam, ai abin da nike gudu ke nan, shi ya sa ban ce nasarar Musulunci ba. Ban yarda da wannan ƙuri'ar tashi ba ko kaɗan. Maganata a kan tsarin da ya ba ɗan direba dama ne.

Anti Nas (Ingila): Sannunku da gida. Malam gaskiya ka faɗa, kuma Musulmin nan da yawa ba su ji daɗin abin ba, har yau akwai masu riƙe da shi a zuciya. Sai dai abin da ya biyo baya ma ba daidai ba ne, an yi mashi barazanar kisa har sai da 'yan sanda suka shigo ciki, ga shi da mata da 'ya'ya mata biyu. Sannan ku sani shi bai taɓa cewa shi wakilin Musulmi ba ne. Musulmi a Landan kusan kashi 15 ne cikin 100, da ƙuri'armu kaɗai ko kusa ba zai ci ba. A 2016 ƙuri'a sama da miliyan 1 da dubu 300 ya samu, mafi yawansu ba Musulmi ba. Ranar rantsar da shi ma a babbar majami'ar Southwark aka yi taron, da gangan ya zaɓi wurin don ya nuna na kowa ne. Yana azumi, yana zuwa masallaci, bai ɓoye ba, amma siyasarshi siyasar jam'iyyar Leba ce tsantsa, duk abin da jam'iyyar ta tsaya a kai kusan nan za ka same shi.

Malam na Gobarau: Barazanar kisa haramun ce Hajiya, kuma kafirta mutum ba aikin zaure ba ne. Ni iyakata in faɗi abin da na sani don kar yaran da ke cikinmu su ruɗe.

Abba Batagarawa: Ni dai abin da ya sa nike son shi yadda yake tsaya ma Trump. Tun 2016 suke yi. A 2018 da Trump ya je Landan aka tashi wani ƙaton balan-balan mai siffar jariri da fuskar Trump kusa da majalisa, kuma ofishin magajin gari ne ya ba masu zanga-zangar izini. Mutum shugaban Amurka guda amma magajin gari ya hana shi barci.

Baba Tsohon Akawu: Abba ɗana bar maganar Trump, wannan kallo ne kawai. Ku dawo kan tambayar da aka yi don ita ce mai amfani gare mu. Ni a ƙaramar hukuma na yi aikina har na yi ritaya, bari in gaya maku bambancin. Kujerar da wannan yaro yake kai ba tsohuwa ba ce, a 2000 aka ƙirƙiro ta bayan an tambayi mutanen Landan ta ƙuri'ar raba gardama a 1998 suka ce suna so. Ken Livingstone ya fara, sai Boris Johnson, sai shi. Da aka ƙirƙiro ta sai aka rubuta ƙarara me ke hannunta: motocin bas da jiragen ƙasa na birnin, kasafin 'yan sanda da manufofinsu, 'yan kwana-kwana, tsarin gine-gine. Kuma aka ba ta hanyar samun kuɗi, kuɗin mota da mutane ke biya, da wani kaso da yake ɗorawa kan harajin gidaje, da abin da gwamnatin tsakiya ke bayarwa. To mutum in yana da aiki sananne da kuɗi sananne, ka ga ana iya auna shi, ya yi ko bai yi ba. Mu kuwa ciyaman fa? Kundin 1999 ya ce kuɗin ƙananan hukumomi su bi ta asusun haɗaka da jiha, daga nan magana ta ƙare. Na ga wata da yawa da idan aka biya albashi abin da ya rage ko kwalbati ɗaya ba zai gina ba, ciyaman na zaune a ofis mutane cike da ƙofa kowa da takardar asibiti ko ta suna, shi kuma yana jiran a kira shi daga sama a ce ga abin da za a yi. Wallahi na ga masu kirki a cikinsu, na ga waɗanda suka shigo da niyya mai kyau suka fita da hawan jini. Doki ne aka ɗaure ma ƙafa aka ce ya yi sukuwa.

Injiniya Sabuwar Unguwa: Baba Allah ya ƙara lafiya. Amma ai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura ma ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma ta ce kantomomin riƙo ba sa bisa doka.

Baba Tsohon Akawu: Ta yanke ɗana, kuma na yi murna ranar. Amma ko an turo kuɗin kai tsaye, wa ya kawo ciyaman ɗin? In hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya zaɓen, kuma kusan kowace jiha a ƙasar nan jam'iyyar da ke mulki ke lashe kujerun duka, ba ruwan abin da sunan jam'iyya, duk haka suke yi, to wanda aka ɗora ya san wa zai yi ma biyayya. Ba kai mai ƙuri'a ba.

Ɗan Kofar Soro: Yauwa Baba, nan nike son a zo. Ku duba yadda Sadiq ya samu tikiti a 2015. Ba shi ake ba nasara ba da farko, wata tsohuwar minista ce Tessa Jowell, wadda ta yi ruwa ta yi tsaki wajen kawo wasannin Olamfik na 2012 Landan, ita kowa ke gani a gaba. 'Yan jam'iyya suka jefa ƙuri'a ya kayar da ita, ta karɓa aka wuce wurin. Da a nan ne da tuni an kira shi cikin dare an ce ya janye ma babba, an yi maslaha, Allah ya kai mu lokacinka.

Ɗan Daura: Kar mu cika kushe kanmu fa. Gwamna Dikko Raɗɗa ai ya taɓa yin ciyaman na Charanchi, ga shi yau yana gwamna. Ke nan tsanin akwai shi ko a nan.

Injiniya Sabuwar Unguwa: Akwai ɗaiɗaiku Yaya, ba a musu. Amma ƙirga mani kansiloli. Wa ke ma sanin sunan kansilan mazaɓarshi in ba ranar rabon taki ba?

Direban Layin Jibiya: Ni ku ba ni dama in yi magana a matsayina na direba. Kuna ta cewa ɗan direba ɗan direba, to ni na ji labarin harajin da ya ɗora ma masu tsofaffin motoci, wai duk ranar da ka fito da tsohuwar mota sai ka biya. Wa ke da tsohuwar mota in ba talaka ba? Mai kuɗi ai sabuwa gare shi. Wannan ɗan direban ya manta da inda ya fito ke nan. A ce yau a wayi gari a Katsina a ce duk motar da ta tsufa sai ta biya kafin ta shigo ta Kofar Guga, wallahi rabin 'yan tasha sun zauna gida, don motocinmu wasu sun girmi yaran da ke kwandasta a cikinsu.

Anti Nas (Ingila): Kawu ba ka yi ƙarya ba, ULEZ ake ce ma abin, fam 12.50 kullum in motarka ba ta cika ƙa'idar hayaƙi ba. A 2019 ya fara a tsakiyar gari, 2021 aka faɗaɗa, a Agustan 2023 ya game Landan duka. An yi rigima sosai, mutane sun riƙa bi da dare suna lalata kyamarorin, har jam'iyyarshi ta faɗi wani zaɓen cike gurbi a Uxbridge da ƙuri'a 495 kacal aka ɗora mashi laifin, shugaban jam'iyyar da kanshi ya fito ya nemi Sadiq ya sake tunani. Bai janye ba. Amma bari in gaya maka ɗaya ɓangaren a matsayina na ma'aikaciyar jinya. Akwai wata yarinya 'yar shekara 9 da ke zaune kusa da wani babban titi a kudancin Landan, asma ta kashe ta a 2013, uwarta ta yi ta fafutuka har a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe ta, karo na farko ke nan da aka rubuta haka a Birtaniya. Shi kanshi Sadiq da girmanshi asma ta kama shi. Kuma su wa ke zaune bakin manyan tituna suna shaƙar hayaƙin? Talakawan nan dai, da yawansu ma ba su da motar. Ni ina ganin yaran da ake kawowa cikin dare numfashi na sarƙewa, uwa na kuka, don haka ba zan iya cewa zalunci ba ne. Ya yi tsauri a kan wasu, wannan gaskiya ne, musamman masu ƙananan sana'a da ke yawo da motar kaya.

Direban Layin Jibiya: Allah ya ji ƙan yarinya. Amma Hajiya yunwa ma tana kisa.

Malama Hadiza: Tunda an zo maganar yunwa bari in sa baki. Daga Satumban 2023 ya sa ana ba duk ɗan firamaren gwamnati a Landan abincin rana kyauta, shekarar farko fam miliyan 135 ya ware. Ni malamar firamare ce, na san me ake nufi da yaro ya zo aji bai karya ba, ƙarfe goma ta yi ka ga ya kifa kai a benci, ba rashin ji ba ne, ciki ne ba komai. Lokacin da ake ciyarwar nan ta gwamnatin tarayya aji cika yake yi, da abin ya tsaya muka ga yadda yara suka ragu. To duk shugaban da ya tuna da cikin yaro ni ya gama mani komai.

Ɗan Kofar Soro: Kuma Kawu direba ka manta da abin da ya fara yi da hawanshi. Watanni kaɗan da rantsuwa ya kawo tikitin Hopper, ka biya bas sau ɗaya ka sauka ka hau wata cikin awa guda ba ƙarin ko kwabo, daga baya ma ya zama ko nawa ka hau cikin awar. Ya kuma daskarar da kuɗin mota na shekara huɗu. Wannan wa ya amfana? Mai shara da mai gadi da ke canza mota biyu uku kafin su kai wurin aiki. Ka kwatanta da mai fitowa daga Kofar Kaura zai je Kofar Marusa ya sake hawa wani napep zuwa wani wuri, kowane hawa da kuɗinshi, kuma ba wanda za ka kai ma kuka in an ƙara.

Usman Ɗalibi (Landan): Ku yi haƙuri in ɗan rage maku zafi, don ni a garin nike karatu kuma ba aljanna ba ce. Kuɗin haya a nan ya wuce hankali, ɗaki ɗaya a gidan da kuke raba kicin da banɗaki da mutum huɗu yana cinye fiye da rabin abin da kake samu. Ya yi alkawarin gidaje masu sauƙi, an fara gina wasu, amma jerin masu jiran gida bai ƙare ba, iyalai da yawa na zaune a masaukin wucin gadi. Sai ƙwacen waya, mutum na tafiya a titi wani ya zo kan keke mai lantarki ya fizge, da rana tsaka. Ga yara na soke juna da wuƙa. Duk sanda aka tambaye shi sai ya ce gwamnatin tsakiya ce ta rage ma 'yan sanda kuɗi tun 2010, akwai gaskiya a ciki, amma mutum tun 2016 yake kan kujera ya kamata uzurin ya ragu. Layin jirgin Elizabeth ma da ake yabo ba shi ya faro ba, kuma a hannunshi aka yi ta ɗage buɗewa daga 2018 har 2022.

Anti Nas (Ingila): Ƙanena duk gaskiya ne. Amma ka faɗi cewa a 2022 da abin kunya ya yi yawa a rundunar 'yan sandan, ya fito ya ce ya daina amincewa da shugabarsu Cressida Dick, ta ajiye aiki.

Usman Ɗalibi (Landan): Haka ne Anti. Sai dai wani bincike da aka yi daga baya ya ce bai bi ƙa'ida ba wajen matsa mata, shi kuma ya ce binciken son kai ne.

Baba Tsohon Akawu: Usman ka ga abin da ka yi yanzu? Ka lissafo haya, ka lissafo waya, ka lissafo jirgi, ka san wanda za ka tuhuma da sunanshi. Kuma in ban manta ba akwai majalisar birni mai mutum 25 da ke zaunar da shi sau goma a shekara tana yi mashi tambayoyi a bainar jama'a, sau biyu a shekara kuma talakawa da kansu ke tambayarshi a zauren taro. Yanzu kai Injiniya, kwatar unguwarku in ta toshe da damina ruwa ya shiga gidaje, wa za ka kama? Ka je wannan ofis a ce na jiha ne, ka je na jiha a ce na ƙaramar hukuma ne, ƙarshenta matasan unguwa su yi gayya su yashe da kansu.

Injiniya Sabuwar Unguwa: Haka muke yi duk shekara Baba. Amma shi ma fa ba komai ke hannunshi ba, kwasar shara da makarantu na ƙananan hukumomin Landan ne guda 32. Kuma lokacin korona da mutane suka daina hawa mota hukumar sufurin ta kusa durƙushewa, sai da ya je ya roƙi gwamnatin Boris Johnson ta ba shi tallafi da sharuɗɗa masu zafi. Ke nan ko can mai riƙe da lalita shi ke da ƙarfi.

Baba Tsohon Akawu: Ya roƙa, amma a fili aka yi cinikin, jaridu na bugawa, kuma Firayim Minista bai isa ya tsige shi ya naɗa kantoma ba. Wannan kaɗai ya ishe ni bambanci.

Malam na Gobarau: Zan ƙara abu ɗaya don adalci, tunda na faɗi aibinshi. A ƙarshen Oktoban 2023 ya fito ya nemi a tsagaita wuta a Gaza tun shugaban jam'iyyarshi bai yarda da hakan ba. Kuma ya sha wuya saboda sunan Musulunci, a zaɓen 2016 abokin takararshi Zac Goldsmith ya yi ta alaƙanta shi da masu tsattsauran ra'ayi, a 2024 wani ɗan majalisa ya ce wai masu kishin Islama ne ke juya shi har jam'iyyar ɗan majalisar ta dakatar da shi. Wannan na gani kuma ban raina ba. Matsayina a kan waccan ƙuri'a dai yana nan.

Maman Ilham: Anti don Allah da gaske ne ana kunna fitilun azumi a tsakiyar Landan?

Anti Nas (Ingila): Da gaske ne, tun 2023 ake yi kusa da Piccadilly, shi ya kunna na farko. Wasu matasan Musulmi ne suka faro abin ba ofishinshi ba.

Direban Layin Jibiya: Ni dai har yanzu ina kan bakana. Hajiya wanda aka ce motarshi ta tsufa, an ba shi wani abu ya canza ko kawai cewa aka yi ya biya?

Anti Nas (Ingila): An ba da Kawu, fam 2,000 in ka miƙa ƙaramar mota aka farfasa ta, masu motar kaya sun fi haka. Da farko masu karɓar tallafi da naƙasassu kawai ake ba, da surutu ya yi yawa dab da faɗaɗawar 2023 ya buɗe ma kowa. Motar fetur ma in ba ta girmi wajen 2006 ba yawanci ba ta biyan komai, masu dizal ne abin ya fi shafa.

Direban Layin Jibiya: To fam 2,000 na sayen wata motar a can?

Usman Ɗalibi (Landan): Tana sayen tsohuwa mai fetur wadda ta cika ƙa'ida in ka yi sa'a, amma ba mai kyau sosai ba Kawu, kuma inshora na jiranka.

Direban Layin Jibiya: Ka ji ko. Da ni ne a majalisar tasu sai na ce a ninka kuɗin kafin a kafa kyamara ko ɗaya.